Kwalin Gawa

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta zo shago yau. Ita ce ƙanwata ta ƙarshe, kuma tun da ta yi aure ba ta taɓa zama a wurin aikina ba, sai dai ta miƙo saƙo daga bakin ƙofa ta wuce. Yau ta zauna a bencin kwastomomi, ta ɗora jaka a cinya, tana kallona ina fama da wata kwamfuta da mai ita ya zuba wa shayi ya kuma rantse bai zuba ba.

Sai da na ajiye ayan, ƙarfen da muke narka dalma da shi, ta ce, "Yaya, maganar wayar nan ce."

Na ce ina sane.

Ta ce ba takura min take son yi ba. 'Yarta ce ta tambaye ta jiya, wai yaya Baba yake magana, da ƙarfi ko a hankali. Shekarar yarinyar huɗu, ta fara mantawa.

Wayar ta marigayi mijinta ce, Direba. Wata biyar ke nan da aka kawo mata ita cikin leda tare da agogonsa da makullan mota, duk a jiƙe. Tun lokacin ta kawo min in ciro abin da ke ciki. In ya yi doguwar tafiya yakan kunna rikoda ya yi ta yi wa yarinyar hira yana tuƙi, ya ba ta labarin abin da ya gani a hanya, in ya dawo su zauna su saurara tare. Bai taɓa tura ko ɗaya ba, don Auta ƙaramar waya mai maɓalli take riƙewa. Duk abin da ya rage na muryar mutumin nan yana cikin aisi guda, memorin wayar, wanda bai kai farcen babban yatsana ba.

Na ce ta ba ni zuwa Alhamis. Ta yi godiya har sau uku, abin da ya ɓata min rai ban san dalili ba.

Bakin ayan da na saya satin jiya har ya fara cinyewa. Mai kaya ya rantse min na asali ne. A layin nan in mutum ya rantse maka, sai ka ƙara duba kayan.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe

Murfin wayar da gilashinta da batirin suna durowa ta biyu, inda na bar su. Injin ne babu.

Ranar da ta kawo ta na buɗe, na cire injin, wato allon da komai ke kai, na wanke shi da sifirit da buroshi, na ɗora a murfin gwangwani ya bushe. Tsohuwar waya ce, irin wadda ba ta kulle memorinta, ko ba ta tashi ba za a iya ɗaga aisin a karanta shi kai tsaye. Aikin awa biyu ne. Daga ranar ban sake taɓa shi ba. Dalilin da ya sa ban taɓa ba ni da Direba muka sani, shi kuwa ya tafi da nasa rabin.

A sana'armu duk abin da ya shigo, kafin ka ɗauki sukundireba, sai ka yanki farin tef ka liƙa, ka rubuta sunan mai shi da rana. In ka cire injin shi ma ka liƙa masa nasa. Maigidan da ya koya min aiki har marin ƙeya yake yi a kan wannan. Amma shi da kansa ba ya liƙa wa kayan 'yan gida tef, yakan ce abin kunya ne ka rubuta wa jininka suna kamar baƙo. Haka na taso na gani, haka nake yi shekara ashirin.

Abin da ba shi da tef kuwa, a wurinmu gawa ne. Kowane teburi yana da kwali a ƙarƙashinsa cike da matattun injina, muna ce masa kwalin gawa. Daga nan muke cire kayan da muke tayar da wayoyin masu rai.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Na zazzage durowa huɗu. Na ɗaga tabarmar roba ta kan teburi, na leƙa bayan mitar gwajin wuta. Ban duba kwalin ba. Ba zai kasance a can ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yana can.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Can ƙasa na same shi, na gane shi da farin tabon ruwa da ke kusa da ramin caji. Na tuna yadda aka yi ya faɗa. Ranar da rufin shago ya yi yoyo na kwashe duk abin da ke kan teburi cikin sauri, masu tef na sa a durowa, marasa tef na watsa a kwali. Hannuna ne ya yi abin da ya saba, kaina yana can wurin bokiti.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Gurbin memorin fayau yake, wani ya sa bulowa, mai hura iska mai zafi, ya ɗage aisin.

Na san wanda ya yi.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe takwas da rabi na safe

Auta ta kira. Na ce ina jiran wani soket daga wurin mai kaya, irin wanda ake ɗora aisi a kai a karanta. Soket ɗin yana gabana ina kallonsa lokacin da nake faɗa. Ta ce, "Ba komai Yaya, ai ka fi ni sanin aikinka."

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Farfesa shi ne mai teburin da ke kallon nawa. Ya samu sunan ne don ko gilashi ba ya canzawa sai ya yi wa mai waya lacca. A layin nan kwalin gawa na kowa ne, in kana neman ƙaramin abu sai ka tsuguna ƙarƙashin teburin maƙwabci ka tona, ba sai ka tambaya ba. Amma ba wanda ya kai Farfesa tona nawa.

Na tsallaka na dangwarar masa da injin a gabansa. Na ce, "Wa ya ce ka cire min wannan?"

Ya ce, "Maigida, wanne kuma?"

"Memori. Kar ka raina min hankali."

"Ni da memori? Ni da ko akwatin filashin na zuba wa memori manhaja ba ni da shi. In na cire in yi me da shi, in soya?"

Mutane suka yi dariya, dariyar ce ta ƙara tunzura ni. Na gaya masa abubuwan da ba zan rubuta a nan ba, har da cewa ba don ni ba da yanzu yana nan yana tallan caja a tire. Bai rama ba. Ya ɗauki injin ya sa a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min da hannu biyu.

Ya ce, "Aiki ne mai tsabta, Maigida."

Na karɓa na koma teburina. Ban san me yake nufi ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na san me yake nufi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Man dalman nan ruwa ne kawai aka sa wa kala. Da ka ɗora masa ayan sai hayaƙi ya turnuƙe shago, tun safe idona ruwa yake yi. Na mayar wa mai kaya, ya ce hannuna ne. Shekara ashirin ina riƙe ayan, yau mai sayar da kaya a leda ne zai gaya min hannuna ne.

Sabbin hantsakin ma bakinsu bai haɗuwa. Ka kama aisi ya tsalle ya bar ka da iska. Komai na wannan zamanin an yi shi ne don ya kai ka bakin ƙofa kawai.

Na canza gilashi uku da ramin caji biyu. Farfesa bai kalli ɓangarena ba, ni ma ban kalli nasa ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na safe, kafin a buɗe layi

Bari in rubuta, ko zan samu in yi aiki yau.

Duk wanda ya ɗage aisi daga jikin gawa, barin wurin yake yi kaca-kaca da dalma da baƙin mai, ya jefa injin a kwali. Me zai sa ya gyara, tunda gawa ce? A duk layin nan mutum ɗaya ne yake bin gurbin da igiyar tagulla ya shanye dalmar, ya goge da sifirit har ya yi ƙyalli, sannan ya jefa. Suna tsokanarsa da mai wankan gawa, shi kuwa yana jin daɗin sunan, don yana ganin shi ne ya bambanta shi da 'yan koyo. Gurbin memorin Direba ƙyalli yake yi.

Na kunna kwamfuta na buɗe manhajar filashin, wadda take ajiye tarihin duk aisin da aka ɗora a soket. Sati shida da suka wuce, ranar Laraba, ƙarfe sha biyu da minti goma. Na tuna aikin sarai. Mai askin bayan layi ne ya kawo wayarsa memorinta ya mutu, ya je wurin mutum uku sun ce ya jefar. Na tona kwali na samu irinsa, na ɗaga, na ɗora a soket, na danna a goge, na zuba masa sabuwar manhaja, na dasa a wayarsa ta tashi. Manhajar ta rubuta cewa gogewar ta ɗauki daƙiƙa arba'in da ɗaya.

Ranar har ɗaga wayar na yi sama na nuna wa Farfesa, na ce ya zo ya ga yadda manya ke aiki.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Matata ta ce kwana uku ina juya cokali a kwano ba na ci. Na ce hayaƙin man dalma ne ya ɗauke min ɗanɗano. Ta ce, "To Allah ya sawwaƙe wa man dalma," ta ɗauke kwanon.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na je wurin mai aski da wata waya da na gyara na ajiye don sayarwa, ta fi tasa nesa ba kusa ba. Na same shi yana kan wani mai sanƙo, yana ta zagaye kamar akwai abin askewa.

Ya ce, "Injiniya da kansa? Wayar nan tun da ka taɓa ta ko tari ba ta yi ba."

Na ce, "Ita na zo karɓa. Ka ba ni ita, ka riƙe wannan."

Ya kashe injin aski, ya juya sabuwar gaba da baya, ya dube ni. "Lafiya dai? Ko kayan ta sata ka sa min?"

"Ba sata. Kuskure na yi a ciki."

"Kuskuren ne ya sa take aiki haka? To Allah ya ƙara maka irinsa."

Mai sanƙon ya yi dariya har tawul ɗinsa ya zame. Na tsaya ina murmushi kamar wawa. Daga ƙarshe ya yarda, da sharaɗin in kwashe masa hotunansa kaf in zuba a sabuwar, ya ce su ne tallarsa. Na duba yawan abin da zan kwashe. Memorin cike yake maƙil. Ya ce ai sau biyu yana cika ta da finafinai yana gogewa.

Duk mai gyara ya san ma'anar wannan. Abin da aka goge wani lokaci ana iya tono shi, in dai ba a rubuta wani abu a kansa ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na ɗaga aisin. Sau dubu na yi wannan aikin, yau sai da na kashe bulowa sau biyu kafin ya ɗagu. Na wanke ƙafafunsa, na ɗora a soket, na kwafe shi gaba ɗaya zuwa kwamfuta, na sa manhajar tono. Ta ce za ta ɗauki awa talatin.

Auta ta kira, ban ɗauka ba. Ta turo saƙo: "Yaya ko soket ɗin ya iso?" Na rubuta "Ya kusa."

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Kashi saba'in cikin ɗari. Hotunan kawunan da aka aske kawai take fitarwa.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ta gama. Kawuna sama da dubu biyu, ta gaba, ta gefe, ta ƙeya, wasu rabi wasu an yanke musu kunne. Gutsattsarin finafinai. Ban taɓa tsanar ƙeyar ɗan adam kamar yau ba.

A can ƙarshe akwai fayil ɗin sauti guda ɗaya, daƙiƙa uku, ba suna ba rana. Na rufe ƙofar shago da rana tsaka, na sa abin ji a kunne, na zauna kusan minti goma ban danna ba. Da na danna sai ƙugin injin aski, da wani yana cewa a rage masa gefe.

Na saurara sau biyar, ban san me nake nema ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe tara na safe

Direba yakan turo min saƙon murya, dogaye, da, kafin abin da ya shiga tsakaninmu. Bara na zauna a kan wannan kujerar na goge su duka, ɗaya bayan ɗaya, ina sane, har da na ƙarshen da ban buɗe ba. Wayar ma na rabu da ita tuntuni. Na tambayi abokan aikinsa biyu ko suna da wani abu, ɗaya ya ce wayarsa ta faɗi, ɗaya ya ce shi kira kawai suke yi.

Bakin ayan ya cinye gaba ɗaya. Na sa tsohon.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Muna da magana ɗaya a sana'ar nan da ta rufa wa kowa asiri: ruwa ya ci. Ka ƙona waya da bulowa, ruwa ya ci. Ka tsinke layin wuta a jikin injin da hantsaki, ruwa ya ci. Mai waya ba shi da gilashin da zai duba, sai ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri ya tafi. Ni kaina na faɗa, ba sau ɗaya ba, amma ga baƙi, kuma a kan wayoyin da ba komai a ciki sai lambobi.

Wannan kuwa har ga Allah ta sha ruwa. Ba wanda zai ce ƙarya ce tsagwaronta.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ta zo da yarinyar. Na ba yarinyar wani mataccen fanka na kwamfuta tana hurawa yana juyawa, na ja Auta gefe. Na mayar da injin cikin murfinsa na ɗaure sukurori, wayar ta koma kamar yadda ta kawo ta.

Na ce, "Auta, na yi iya ƙoƙarina. Ruwa ya ci memorin."

Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallon baƙin gilashin. Can ta ce, "Cajin da na sa ne, ko?"

Na manta da wannan sam. Ranar da ta kawo ta ta gaya min cewa da aka miƙa mata ledar, tana shiga ɗaki ta jona wayar a caji don ta ga ko za ta kawo, sai da ta ji ta yi zafi ta zare. Lokacin ban ce komai ba, don cajin bai taɓa memorin ba, ni na duba da mita da kaina.

Ta ce, "Kullum kana gaya wa mutane kar su sa jiƙaƙƙiyar waya a wuta. Na sha ji a bakinka. Ni ce na ƙona, ko Yaya?"

Kalma ɗaya ake buƙata, a'a. Na gyara zaman mita a kan teburi, na ce, "Hakan yana iya jawowa."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in yafe mata wahalar da ta sa ni, har da sayen soket. Ta kama hannun 'yarta suka fita, yarinyar tana tambaya ko an gyara.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Ban ce ita ce ba. Cewa na yi yana iya jawowa, kuma gaskiya ne yana iya jawowa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe goma na safe

Gilashi biyu, batir ɗaya, wata kwamfuta da ɓera ya yi wa fitsari. Man dalman har yanzu hayaƙi yake.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Matata ta je wurin Auta. Ta dawo ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba. Ta ce Auta ba ta dafa komai ba tun shekaranjiya, maƙwabciya ce ke ba yarinyar abinci. Ta ce duk wanda ya shigo sai ta gaya masa cewa Allah ya bar mata muryar mijinta, ita da hannunta ta jona ta a wuta. Ta cire cajar daga bango ta jefa a shara.

Sannan matata ta dube ni ta ce, "Kai da ka san aikin, ba za ka je ka ce mata ba laifinta ba ne? Ko ƙarya ce ka yi mata mana."

Na tashi na fita tsakar gida.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na tsallaka wurin Farfesa na ba shi haƙuri a gaban mutanen da na zage shi a gabansu. Ya ce ya wuce. Ya rage murya ya ce, "Ta wani ce mai muhimmanci?" Na ce ta gida ce. Ya ce, "Ba tef ke nan." Bai yi lacca ba, karo na farko tun da na san shi.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je. Na same ta tana wanke kayan yarinyar a baho. Ta tashi za ta kawo min kujera na ce ta bari, don na san in na zauna ba zan faɗa ba.

Na ce, "Auta, ba cajinki ba ne. Ba ruwa ba ne kuma. Ni ne."

Na gaya mata duka, tef ɗin da ban liƙa ba, yoyon rufi, kwalin, mai aski, da daƙiƙa arba'in da ɗaya. Tana tsaye kumfa na ɗiga daga hannunta. Ta aiki yarinyar wurin maƙwabciya, ta jira har ta fita.

Ta ce, "Ka saurara kafin ka goge?"

"Ban san tasa ba ce."

"Da ka yi aikin tun ranar da na kawo, da an samu?"

"Da an samu."

"Duka?"

"Duka."

Ta goge hannunta a jikin zani a hankali. Ta ce, "Ran Talata da na tambaye ka, ka riga ka san wannan?"

Na ce na sani.

"Kwana huɗu ina kallon hannuna." Sannan ta ce, "Gogewar kuskure ne, na yarda. Wata biyar ɗin fa? Ya mutu ma ba ka daina fushi da shi ba."

Na so in ce ba fushi ba ne, tsoro nake ji in ɗora aisin a soket in ji muryarsa tana fitowa daga kwamfutata. Ban faɗa ba, don ko na faɗa ni zai amfana, ita ba abin da zai dawo mata da shi. Na zaro aisin daga aljihu, na sa shi a 'yar ledar da muke sa sukurori, na miƙa mata.

Ta ce, "Me ke ciki?"

"Hotunan aski."

"To mayar wa mai su."

Ta tsuguna ta ci gaba da wanki. Na tsaya har na gane ba za ta sake ɗagowa ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Matata ta ce Auta ta fara cin abinci.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na kira, ba ta ɗauka ba. Ban sake kira ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Wajen ƙarfe uku na hango ta a bakin layi, na miƙe tsaye har kujerata ta faɗi. Ta zo daidai teburina, ta juya ta tsaya a gaban na Farfesa, ta zaro ƙaramar wayarta ta miƙa masa. Ta zauna a bencinsa, bayanta yana wajena.

Ya buɗe, ya yi ta dube-dube, gumi ya tsattsafo masa. Wayar ba ta kama caji, ya canza ramin bai yi ba. Can ya tsallako da ita a tafin hannu, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Maigida, ta fi ƙarfina. Me kake gani?"

Daga inda nake na hango matsalar, wani ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone kusa da ramin. Na miƙa hannu. Ya janye nasa baya.

Ya ce, "Ka yi haƙuri. Ta ce kar in bari ka taɓa."

Na mayar da hannuna kan teburi. Na gaya masa inda zai ɗora mita, da abin da zai cire, da irin injin da zai nema a kwalinsa. Minti goma ya gama, wayar ta kama caji.

Ta karɓa ta sa a jaka. Hanyar fita ta gaban teburina take, ba yadda za ta yi. Ta rage tafiya kaɗan, ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki," kamar yadda duk mai wucewa ke ce wa masu gyara. Ba ta ce Yaya ba.